Wasiƙar Dogo da Sunan Kalanda

Sau biyu jami'a tana dawo wa Kalanda da takardunsa, kuma duka biyun da magana ɗaya: "Muna ba ka shawara ka ƙarfafa takardun nemanka kafin ka sake gwadawa." Ba su faɗi inda raunin yake ba, ba su faɗi da me ake ƙarfafawa ba. Masu rubuta irin wannan wasiƙa, Allah Ya shirye su, sun iya rufe wa mutum ƙofa suna yi masa murmushi.

Kalanda malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, shekara goma sha ɗaya ke nan. Sunan ya bi shi tun daga firamare, saboda babu ranar da za ka tambaye shi bai faɗa maka ba, daga ranar da aka haifi ƙanwarsa har ranar da rufin kicin ɗinsu ya rufto. Gajere ne, muryarsa kuma ta fi shi gajarta. Abin da yake nema shi ne digiri na biyu a fannin tarihi, da tallafin karatun da ke tare da shi. Tallafin ba a ba wanda ya wuce shekara talatin da biyar, shi kuwa zai cika talatin da shida kafin a sake buɗe fom. In bana ta wuce shi, shi ke nan.

Ya sake rubuta bayanin manufarsa sau bakwai. Malamin lissafi ya karanta ya ce ya yi tsawo. Malamar adabi ta karanta ta ce ya yi gajarta, kuma babu rai a ciki. Ya sa masa rai, sai mataimakin shugaban makaranta ya ce ai wannan ya zama waƙa. Matarsa, wadda ke ba da magani a asibiti, ta ce ita a ganinta ya buga a takarda mai kauri, ko banza za su ji ƙarfin a hannunsu. Ya tsaya yana tunanin maganar da gaske kafin ya lura dariya take ƙunshewa.

Daga ƙarshe ya ɗauki ƙafa ya je sashen tarihin da kansa. Sakatariyar sashen tana zaune tsakanin kabad biyu na fayil, tana fama da firintar da ta cinye takarda. Ta saurare shi ba tare da ta ɗago ba, sannan ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Malam, ni ban faɗa maka komai ba, ka ji ko? Wasiƙun shaidarka ne matsalar. Shugaban makarantarku ya rubuta cewa kana zuwa aiki a kan lokaci, kuma ba ka da rigima. Su nan ba maigadi suke nema ba. Ka nemo wanda ya san abin da ke cikin kanka."

Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan, shi ne Farfesa, wanda ya koyar da shi a digiri na farko, ya kuma yi ritaya shekara shida da suka wuce. Sai da Kalanda ya tambayi mutum uku kafin ya sami kwatancen gidan.

Babbar 'yar Farfesa ce ta buɗe masa, mace mai furfura a gaban kai da mabuɗai a rataye a wuya. Ta shigar da shi falo. Littattafai sun cika bango har sama. A kan tebur akwai ƙaramin akwatin magani mai gida bakwai, kowane gida da sunan ranarsa. An manna takardu a jikin durowa da manyan baƙaƙe: COKULA, TABARAU, WASIƘU. Kalanda ya ga duk wannan, ya ce a ransa Farfesa dai har yanzu mai tsari ne. Mutumin da ke koya wa yara karanta shaida ke nan, shaida tana manne a gabansa bai karanta ba.

Farfesa yana kan kujera kusa da taga, ya rame, amma idon nan na nan yadda yake. Yana ganinsa ya buɗe hannu.

"Dogo! Kai ne? Lallai yau da baƙo!"

Kalanda ya waiwaya bayansa. Babu kowa sai labule.

"Ranka ya daɗe, Kalanda ne," ya ce. Fanka tana kaɗawa, muryar ba ta kai rabin falon ba.

"Zauna, zauna. Har yanzu kana musu da mutane?"

Dogo ɗan ajinsu ne, zanƙalele mai murya kamar lasifika, wanda ya fi kowa maki. Kalanda ya ɗauka suɓutar baki ce irin ta tsofaffi. Ya yi bayanin abin da ya kawo shi, Farfesa yana ta gyaɗa kai cikin jin daɗi, yana cewa ai tun tuni ya kamata. 'Yar ta karɓi fom ɗin ta ce Baba hannunsa ya daina riƙe biro sosai, shi zai faɗa ita ta buga, ya dawo ranar Laraba. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yamma ake rufe karɓar takardu.

Ranar Laraba ya karɓo wasiƙar, shafi biyu cur, da sa hannun Farfesa a karkace a ƙasa. Bai buɗe ba sai da ya isa gida. Matarsa tana zaune a bakin gado tana haɗa safar yara, ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya fara karanta mata. Sunansa na yanka ne a sama, daidai, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Sakin layi na farko ya ce a shekara arba'in na koyarwa, ɗalibai kaɗan ne suka kai wannan. Kalanda ya ji wuyansa ya ƙara tsawo. Ya ci gaba.

"'Dogo ne, mai murya, ba ya shakkar ja da malaminsa a gaban aji...'"

Matar ta ajiye safa. "Wa?"

"Bari in ƙarasa. 'Shi ne ya nuna cewa littattafai sun yi kuskuren shekarar da aka gina tsohuwar gada, domin ya tono rajistar asibiti ya ga an kwantar da leburorin gadar da raunuka shekara biyu kafin lokacin da ake faɗa. Ya tsaya a gabana ya ce na yi kuskure, kuma gaskiyarsa ce.'"

"Malam, kai ka taɓa ce wa wani ya yi kuskure? Mai gyaran famfo ya juya mana bututu, kai ka ba shi haƙuri."

"Dogo ne," in ji Kalanda. Ya zauna a kan safar da ta haɗa. "Wannan duk Dogo ne."

"Amma sunanka ne a sama."

"'Yarsa ce ta kwafa daga fom."

"To su masu karantawa tsayinka za su auna?"

Kansa ya ɗaure tamau. Ga wasiƙar da ya shekara uku yana nema, mai ƙarfin da zai iya ɓalle ƙofa, ga sunansa, ga sa hannu na gaske, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Farfesa ya faɗi abin da ya tuna, 'yarsa ta buga abin da ta ji. Amma duk shekara a makon farko yana tambayar yaran aji ɗaya abu uku game da kowace takarda: wa ya rubuta, yaushe, kuma a kan wa yake magana? Wannan takarda ta ci biyu ta faɗi ta uku. Matar ta dube shi ta daina wasa. Ta ce ita ba za ta ce ya aika ba, ba za ta ce kada ya aika ba, amma ya tuna ta ga yadda ya koma bayan wasiƙar jami'a ta bara, wata guda yana cin abinci kamar magani.

Washegari bayan an tashi daga makaranta ya nemi Dogo. Dogo ya bar tarihi tun ranar da aka ba su takardar kammalawa, yanzu yana da shagon tayil a bakin babban titi, ya yi tumbi, murya kuwa sai abin da ya ƙaru. Ya karanta wasiƙar a tsaye, yana dariya har da buga kanta.

"Kai, tsohon nan! Ashe yana sona haka bai taɓa faɗa ba? Mutumina, aika abinka. Ni me zan yi da gada? Na ba ka ita kyauta, da leburorin duka."

"Ba nawa ba ne, Dogo."

"Wa ya ce? Tsaya ma tukuna. Ba tare muka shiga ɗakin ajiyar asibitin nan ba? Kai ne fa ka riƙe tocila."

"Ni a wancan makon zazzaɓi nake yi."

"Zazzaɓin ai bayan nan ne, ƙurar wurin ce ta kayar da kai. Ni dai na san na yi surutun a aji. Amma wa ya fara ganin shekarar? Ni ko ranar aurena sai an tuna mini. Wannan aikin Kalanda ne."

Wani mai saye ya shigo yana tambayar tayil na banɗaki, Dogo ya juya wurinsa, ya bar Kalanda da wasiƙa a hannu. Ya fito titi yana jin kamar an juya masa kai. Ya tuna warin ɗakin ajiyar, ya tuna tocila mai jan baki. To amma shi ya riƙe ta, ko labarin Dogo ne ya ji sau da yawa har ya zama nasa? Mutumin da ya san ranar da rufin kicin ya rufto ya kasa sanin inda yake a mako guda na rayuwarsa. Ya wuce tashar motarsu da nisa kafin ya farga, ya dawo da ƙafa. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ba shi tsoro, don ya lura yana son maganar Dogo ta zama gaskiya fiye da kima, kuma ya san irin wannan so shi ke lalata mai bincike.

Safiyar Juma'a ya nemi izini a makaranta ya koma gidan Farfesa. Ya tsayar da 'yar a baranda ya faɗa mata komai. Ta jingina da bango, ta rufe ido.

"Na yi zargin haka," ta ce. "Da ya ce dogo na dube ka a raina, na ce wataƙila dogon tunani yake nufi. Malam, ka yi haƙuri. Baba shekara biyu ke nan yana haka. Abin da ya wuce yana nan daram a kansa, fuskoki ne suka gauraye. Ni kaina wani lokaci ƙanwarsa nake. In ka ce masa ya yi kuskure sai ya rikice, ya yini bai ci abinci ba. Kwana huɗu muka yi a kan wasiƙar nan."

"Ba zan iya aika ta ba, ranki ya daɗe."

"To me za ka aika? Ƙarfe nawa ka ce ake rufewa?"

Ya ce bari dai ya shiga ya gaishe shi ya tafi. Yana sa ƙafa a falon Farfesa ya washe baki.

"Dogo! Ka dawo da wata rigimar ko?"

Kalanda ya buɗe baki zai gyara, ya tuna maganar abinci, ya rufe. Ya zauna a ƙaramar kujera. Don dai ya sami abin faɗa, ba don wata dabara ba, ya ji bakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ka tuna wani ɗan ajinmu, Kalanda?"

"Ɗan gajeren nan? Mai zama bayan ginshiƙi?" Farfesa ya gyara zama. "Yo wa zai manta da wannan? Ya ba ni wahala fiye da ku duka."

Kalanda ya dubi 'yar, ita ma ta dube shi. Ta jawo kwamfuta daga kan tebur ta ɗora a cinya. Shi kuwa aikin da ya iya ne ya karɓe shi. Yadda Farfesa ya koya musu ɗaukar shaidar baka: ka faɗi rana da wuri, kada ka sa wa mai magana kalma a baki, kada ka cike masa shiru. Ya faɗi kwanan wata a hankali, 'yar ta buga.

"Wace irin wahala, ranka ya daɗe?"

"Bayanan ƙasan shafinsa sun fi rubutun yawa. Ka ba shi tambaya ɗaya ya dawo maka da huɗu. A jarrabawar ƙarshe na tambaye ku dalilin da ya sa aka tashi tsohuwar kasuwa. Kowa ya zuba mini dalilai, kai har shida ka kawo, ka ci makinka. Shi ya rubuta shafi uku yana nuna cewa takardun da muke da su ba su isa a sani ba. Ya ƙare da cewa, ban sani ba, kuma wanda ya ce ya sani bai duba ba. Na so in kayar da shi don haushi. Na kwana biyu ina dubawa, na ga ni ma ban sani ba, shekara ashirin ina koyar da abin."

Kalanda ya manta da wannan jarrabawa sarai. Yanzu ta dawo masa har da inda ya zauna da biron da ya yi masa gardama. Wannan kam shi ne, babu tantama.

"Sai me kuma?"

"Akwai tsohuwar da ke share ɗakin ajiyar takardu. Ku duk kuna tsallake tsintsiyarta ku wuce. Shi ya zauna da ita yini uku, ta faɗa masa fayilolin da ruwa ya ci da waɗanda aka kwashe aka kai wani gini. Da bakinta ya zana abin da ya ɓace. Ban koya masa wannan ba."

"To ya cancanci ya ci gaba da karatu?"

"Matsoraci ne," in ji Farfesa kai tsaye. Yatsun 'yar suka tsaya, Kalanda ya yi mata alama ta ci gaba. "Yana ɓuya a bayan kwanan wata. Ya san abu, ba zai faɗa ba sai an taka masa ƙafa. Duk wanda zai ɗauke shi sai ya matsa masa, ya hana shi zama a baya. Amma in gaskiya ake so, Dogo, kada ka ji haushi, kai ka fi shi baki, shi ya fi ka kunne. A cikinku shi ne ɗan tarihin."

Kalanda ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Daɗi da kunya suka haɗu suka rufe shi. A rayuwarsa ba a taɓa yabonsa haka ba, kuma ba a taɓa zaginsa daidai haka ba, ga shi an yi duka biyun a gabansa ana zaton ba ya nan.

Bai tambayi maganar gada ba. Ya so ya tambaya, har ta zo bakinsa, ya ga in ya tambaya amsar da yake so zai nema, ya haɗiye ta.

'Yar ta shiga ciki ta bugo takardar. Rabin shafi ne da 'yan layuka, babu ado, da kalmar matsoraci a tsakiya yadda aka faɗe ta. A ƙasa ta ƙara da sunanta cewa mahaifinta ya faɗi wannan da bakinsa a gabanta, cewa yana fama da mantuwar fuskoki amma ba ta abubuwan da suka wuce ba, ga lambar wayarta ga mai son tabbatarwa. Ta karanta wa Farfesa daga farko har ƙarshe, ta ce shaida ce za a kai wa jami'a a kan Kalanda. Ya ce a cire wani waƙafi, sannan ya sa hannu.

Kalanda ya riƙe takardun biyu. Ta farko ta fi kyau nesa ba kusa ba, kuma har yanzu bai san ko akwai rabonsa a cikinta ba. Ta biyu tana iya sa kwamiti ya yi dariya ya ture fayil ɗinsa gefe. Ya miƙa wa 'yar ta farkon ya ce ta ajiye wa Dogo, ya sa ta biyun a jaka. Agogon bango ya nuna sha biyu da kwata, akwai sauran lokacin da zai kai ta.

Ya durƙusa ya yi sallama. Farfesa ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Dogo, shi Kalandan yana ina yanzu?"

"Yana koyarwa a sakandare, ranka ya daɗe."

"Yana garin nan?"

"Yana nan."

"To me na yi masa? Na ce ya dawo mu ci gaba, ya ce mini baɗi. Kowa ya zo ya gaishe ni, har waɗanda na kayar. Shi ko sau ɗaya."

Kalanda ya ji idonsa ya kawo ruwa. "Kunya yake ji, ranka ya daɗe. Baɗin ce ta yi ta wucewa, har ya rasa da wace fuska zai zo."

"Shirme," in ji Farfesa. Ya saki hannun, ya juya yana kallon taga. "Ka ce masa ya zo. Ka ce ya yi sauri, kaina ya fara yi mini wasa. Ya zo tun ina iya gane shi."